Mun Rufe Wa Yara Baki, Muna Kukan Ba Sa Karatu

Kwanakin baya na halarci bikin yaye ɗalibai da raba kyaututtuka na wata makarantar sakandare, bisa gayyatar wani abokina da 'yarsa ke cikin waɗanda suka kammala. Mun zauna ƙarƙashin rumfa tun da hantsi har aka kira sallar azahar, kuma a tsawon wannan lokaci manyan baƙi biyar ne suka hau dandamali. Kusan kowanensu sai da ya koka a kan abu guda, wato wai yaran yanzu ba sa son karatu. Wannan ya ɗora laifin a kan wayar salula, wancan ya ce finafinai ne, wani kuma ya ce iyaye ne suka yi sake. Ban musa ba, akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen kowanensu. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin dukkan ɗaliban da aka yaye a ranar, yarinya ɗaya tak aka miƙa wa makirfo, ita ma jawabin godiya ta karanta daga takarda, wanda ko ba a faɗa ba kowa ya san malami ne ya rubuta mata. Ta karanta tana tuntuɓe, aka tafa mata, ta sauka.

Tun daga ranar nake juya wannan lamari a zuciyata. A ganina, ɗaya daga cikin manyan dalilan da suka sa yaranmu suka yi wa littafi da alƙalami ƙaura shi ne mun daina ba su damar tsayawa gaban jama'a su faɗi abin da ke ransu. Yaron da ya san cewa babu ranar da wani zai tambaye shi ra'ayinsa, babu ranar da zai kare wata magana a gaban tsaransa, mene ne zai kai shi laburare? Sai dai ya haddace abin da zai fito a jarrabawa, ya zuba a takarda, ya manta.

Ya mai karatu, ka yi mini afuwa in fara da kaina, domin abin da ya faru da mutum ya fi saninsa. Ina aji biyu a makarantar kwana, babu wanda ya kai ni surutu a ajinmu, kuma babu wanda ya kai ni gudun littafi. Wata rana malaminmu na Turanci ya same ni ina ba 'yan aji dariya, sai ya ce, "Kai yaro, tunda Allah Ya ba ka baki, ranar Asabar kai za ka wakilci gidanku a muhawara." Maudu'in kuwa shi ne, noma ya fi aikin ofis amfani ga ƙasa, ni ne mai goyon baya. Na ɗauka abin wasa ne, domin ɗan manomi ne ni, me za a gaya mini game da gona? Ban buɗe ko shafi ɗaya ba har ranar ta zo.

Na hau na yi ta zuba, ana ta dariya ana tafi. Da na sauka sai abokin karawata, wani siririn yaro ɗan aji uku wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya tashi da 'yar takarda a hannu. Ya kawo labarin dalar gyada ta Kano, ya ambaci farin da aka yi a wajejen 1973 da cutar da ta afka wa gyada a 1975, ya bayyana yadda kuɗin man fetur ya janye hankalin hukuma daga gona. Daga nan ya juyo ya ce in gaya wa alƙalai, idan har noma shi kaɗai ya isa ya riƙe ƙasa, ina dalar gyada ta tafi? Na tashi na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ɗakin taro ya kaure da sowa, kuma tun daga daren aka laƙa mini suna Dalar Gyada, sunan da wasu abokaina ke kirana da shi har yau da furfurata.

Washegari na je wurin malamin ina ƙunƙuni, na ce, "Malam, ka kunyata ni." Ya dube ni ya ce, "Wanda ya kayar da kai bai fi ka baki ba, karatu ya fi ka. Bayan mako uku za ka sake hawa." Ya haɗa ni da ɗalibin da ke riƙe da mabuɗin laburare. Na shiga ne da niyyar ramuwa kawai, ina neman abin da zan jefi wancan yaro da shi. Na fara da littafin labarin ƙasa, na koma kan tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka ɗaure da igiya a kusurwa. Da na ga abin ya fi ƙarfin kaina, sai na sayi littafin rubutu na musamman ina kwafe abin da ya burge ni, ina ƙara nawa a ƙasa. Kafin shekara ta ƙare na manta da ramuwar, ɗanɗanon karatun ya kama ni. Wancan littafin rubutu shi ne mafarin duk abin da na rubuta a rayuwata.

Na san wani zai ce labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja. Haka ne. To, mu duba yadda abin yake aiki. Karatu aiki ne na kaɗaici, kuma ladansa yana jinkirin zuwa. Yaro ɗan shekara 13 ba ya hango amfanin da littafi zai yi masa bayan shekara 20. Amma idan ya san ranar Asabar zai tsaya gaban ɗalibai 300, ga alƙalai, ga abokin karawa da ke jiran ya yi kuskure, to ladan karatu ya matso kusa, haka ma hukuncin rashinsa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda ya taɓa ɗanɗana kunyar yin magana babu hujja a bainar jama'a, ba sai an kora shi laburare da bulala ba.

Haka kuma tsayawa gaban jama'a shi ke tilasta wa mutum rubutu. Wanda aka ba minti biyar dole ya zaɓi abin da zai fara da shi, da abin da zai biyo baya, da inda zai tsaya. Wannan tsari ba ya zama a ka sai an sauke shi a takarda, a soke wannan a gyara wancan. Kuma kunne alƙali ne mai tsanani. Jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare kafin a kai ƙarshenta, ko kalmar da aka cusa don burga alhali mai ita bai san ma'anarta ba, takarda za ta iya rufa musu asiri, amma da zarar an furta su sai asirin ya tonu. Shi ya sa za ka tarar rubutun wanda ya saba da jawabi yana da sauƙin bi, domin yana rubutu ne yana ganin fuskokin masu sauraro.

Akwai kuma wata fa'ida da muke matuƙar buƙata a Arewa a yau. A muhawarar makaranta ba kai ke zaɓen ɓangarenka ba, sau da yawa ƙuri'a ake jefawa. Sai a sa ka kare abin da ba ka yarda da shi ba, ko kuma ka karanta hujjojin abokin hamayya don ka san ta inda zai ɓullo maka. Yaron da ya tashi da wannan horo ya koyi karanta littafin wanda suka saɓa da shi har ƙarshe, ya koyi cewa ana iya kayar da magana ba tare da an ci mutuncin mai ita ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20, daga Degel ya riƙa zagayawa har Kabi da Zamfara, shekaru da dama kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Mai wa'azi a gaban manoma da makiyaya da malamai masu ja da shi dole ya riƙa komawa ga littattafai, kuma da yawa daga cikin abin da Shehu ya rubuta amsa ce ga tambayoyi da saɓanin da suka taso a tsakanin jama'arsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis, wato mata shugabanni da ke koyon waɗannan waƙoƙi su koma garuruwansu su karantar da 'Yan Taru. Rubutu ne ke ciyar da baki, baki kuma yana jawo mutane zuwa ga rubutu. Har gobe malamin zaure na gaskiya ba ya fita darasi sai ya yi muɗala'a, haka malamin tafsiri a watan azumi, domin ya san a cikin masu sauraro akwai wanda zai ɗaga masa tambaya.

Idan muka gangaro zamanin Turawa, sai mu tarar da Majalisar Taɗi ta Bauchi, wadda aka kafa a 1943. A nan ne malaman makaranta da ma'aikatan En'e ke haɗuwa su yi muhawara a kan al'amuran mulki da ci gaban jama'a, kuma daga cikin waɗanda suka yi fice a cikinta akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tambayoyin da ake yi a wurin, musamman a kan mulkin En'e, sun yi zafin da hukuma ta kasa jurewa, har majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Amma dubi mutanen da ta goge. Sa'adu Zungur ya bar mana waƙoƙi irin su Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya, waɗanda har yanzu ake nazarinsu a jami'o'i. Aminu Kano, wanda ya zama jagoran NEPU bayan kafa ta a 1950, ya rubuta wasannin kwaikwayo da littattafai irin su Motsi Ya Fi Zama. Tafawa Ɓalewa kuwa, wanda zaƙin muryarsa da tsarin zancensa suka yi suna har a Ingila, shi ne marubucin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Shi ne kuma ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 ya yi jawabi da sunan sabuwar Nijeriya. Duk wanda ya taɓa sauraron marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, ya san cewa irin wannan fasaha ba daga sama take faɗowa ba, akwai tulin karatu a ƙarƙashinta. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Ko a wajen ƙasarmu haka abin yake. Malcolm X, baƙar fatar Amurka da ya ziyarci Nijeriya a 1964, ya shiga gidan yari a 1946 da ɗan guntun ilimi. Abin da ya fara zaburar da shi shi ne ganin wani ɗan fursuna da ke tara mutane su yi tsit suna sauraronsa saboda iya magana da yawan sani. Kishin wannan ya sa ya zauna ya riƙa kwafe ƙamus da hannunsa, ya shiga ƙungiyar muhawara ta gidan yarin Norfolk, ya riƙa karatu har cikin dare. Ya fito a 1952 yana ɗaya daga cikin mutanen da Amurka ba za ta manta da harshensu ba. Kunne ne ya fara kamuwa, sannan ido ya bi.

Me ya sa ma za mu yi nisa? Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa. Kowa ya ga yadda wannan gasa ta sa yara maza da mata, daga ƙananan hukumomi zuwa jihohi, suke kwana suna tilawa da gyaran tajwidi, domin sun san akwai ranar da za su zauna gaban alƙalai da jama'a. Mun ga wannan hanya ta yi aiki da idonmu. Abin mamaki shi ne mun kasa ɗaukar darasin mu kai shi fagen tarihi da adabi da kimiyya.

To, amma akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma bai kamata a yi watsi da hujjarsu ba. Suna cewa ai ba masu magana muka rasa ba, yawa ma suka yi. Ga 'yan jagaliyar siyasa a gidajen rediyo, ga masu ɗaukar kansu a waya suna yanke hukunci a kan addini da likitanci da tattalin arziki, babu wanda ya buɗe littafi a cikinsu. Wannan gaskiya ne. Sai dai a lura, waɗannan suna magana ne a inda babu mai tsayar da su ya ce kawo hujja. Mai ɗaukar kansa a waya shi kaɗai ne a ɗaki, wanda ya musa masa sai ya toshe shi. Maganar da nake nufi ita ce wadda ke da ƙa'ida: lokaci ƙayyadadde, abokin karawa mai damar mayar da martani, da alƙalin da ke ba hujja maki fiye da ɗaga murya. Surutu ni ma ina da shi tun ina aji biyu, bai kai ni laburare ba sai da ya gamu da tambaya.

Wasu kuma na cewa tarbiyyarmu ta kunya ce, yaro ba ya buɗe baki gaban manya, kuma koya masa jayayya zai sa ya yi fitsara. Ni kuwa abin da na gani akasin haka ne. Muhawara ita ke koya wa yaro ya gai da shugaban taro da alƙalai kafin ya ce uffan, ya yi shiru har abokin karawarsa ya gama, ya karɓi kaye ya miƙa hannu. Fitsararren yaro shi ne wanda cikinsa ya cika da magana bai san yadda ake faɗinta da ladabi ba. Kuma wannan kunya da muke fakewa da ita ta fi cutar da 'ya'yanmu mata. Sau nawa muka ga yarinya ta fita da sakamako mai kyau, amma ta je ganawar neman aiki ko kare kundin digiri ta kasa haɗa jimla uku?

Inda na yarda da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne a kan irin muhawarar da ta rage a wasu makarantu, musamman masu zaman kansu. Malami ya rubuta jawabi cike da manyan kalmomin Turanci, yaro ya haddace kamar aku, ya zo ya zazzage gaban iyaye, a ɗauki hoto. Wannan wasan kwaikwayo ne, kuma ba ya haifar da mai karatu, domin an ɗauke wa yaron ainihin aikin, wato nema da zaɓe da tsarawa. Gwamma ya hau da jimloli biyar masu rauni waɗanda shi ya haɗa su, da ya hau da shafi biyu na aron baki.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da masu makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da su dawo da ƙungiyar muhawara da adabi cikin jadawalin mako, a ba ta sa'a guda da babu mai taɓawa. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini, malami ɗaya mai kishi da agogo sun isa. A tabbatar kowane ɗalibi ya hau aƙalla sau ɗaya a zango, kada a bar abin ga yara uku da aka saba turawa gasa. A sanar da maudu'i mako biyu kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wajabta wa mai magana ya faɗi littafi ko jaridar da ya samo hujjarsa, ya miƙa rubutaccen jawabinsa ga malami bayan ya sauka. Idan makaranta ba ta da laburare, akwatin littattafai 50 da tsofaffin ɗalibai za su haɗa ya isa a fara.

A kuma yi muhawarar da Hausa kamar yadda ake yi da Turanci. A zamaninmu tara ake cin wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta, kuma na san yara masu kaifin basira da suka yi shekara biyar ba su ɗaga hannu a aji ba don tsoron a yi musu dariyar Turanci. Yaron da ya koyi tsara hujja da harshen uwarsa zai ɗauki wannan ƙwarewa ya kai ta kowane harshe. Gidajen rediyonmu, waɗanda suka daɗe suna karanta littattafan Hausa ga masu sauraro har mutane su nemi littafin a kasuwa, su ma su ware fili na mako-mako ga muhawarar ɗalibai, kamar yadda suke ware wa 'yan siyasa.

Mu iyaye kuma namu aikin ya fi sauƙi. Bayan sallar isha'i, a ajiye waya na minti 15, a ce wa yaro ya tashi tsaye ya ba 'yan gida labarin abin da ya karanta a makon, a yi masa tambaya ɗaya ko biyu, kada a katse shi, kada a yi masa dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu mata da tatsuniya suka fara koya mana sauraro da ba da labari, mu da muka yi boko bai kamata mu gaza su ba.

Har yanzu ina tuna yarinyar nan da ta karanta jawabin godiya tana tuntuɓe. Shekara shida ta yi a makarantar, kuma mai yiwuwa ranar ce karo na farko da aka ba ta makirfo, aka kuma ba ta maganar wani ta faɗa. Da tun tana aji ɗaya aka riƙa tsayar da ita ta faɗi tata, ta sha kaye ta koma ta bincika, da manyan baƙin nan sun sami wani abin faɗa ban da kuka. Idan shekara ta zagayo aka sake gayyatata, fatana shi ne a rage mana jawabin manya zuwa biyu, sauran lokacin a bar wa yaran. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace, amin.